Tumatur Ba Ya Gadon Tumatur

 Yau ba zancen allo da alli muka kawo muku ba. Zancen lambu ne, ɗan ƙaramin lambun bayan gida, wanda muka kusa kashewa da hannunmu saboda rashin sani, mu da muke tsayawa gaban yara muna koya musu darasin tsirrai. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da mun ga gidaje da yawa sun kama hanyar da muka bi, gara mu tona asirin kanmu, ko Allah ya sa wani ya tsira da tumaturinsa.

Kowa ya san yadda aka yi lambu ya shigo cikin gidajenmu. A da, noman kayan miya aikin masu shi ne, mutanen gaɓar Bahar da suka gaji abin kaka da kakanni, su ke kai albasa da kuɓewa kasuwar Sinnar da ta Singa da ta Madani, mu ma'aikata da 'yan tireda namu saye. Rikicin Yuli 2022 ya koro mana 'yan'uwa daga Ruseris da Damazin, gidan da ke da baki bakwai ya wayi gari da goma sha biyar. Ba a gama jimamin wannan ba sai yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Aka rufe makarantu, albashi kuwa sai wata ya bi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, a ƙarshen Yuni 2024 Singa ta bi, hanyar Jabal Moya ta toshe, Sinnar da ƙauyukanta suka zama kamar an zuba su a tulu an rufe. A wannan lokaci ne malamin makaranta da tela da direba kowa ya nemi fartanya. Wanda bai taɓa dasa ko barkono ba, sai ga shi yana tsallaken komi a tsakar gida da jarka a hannu.

Namu lambun mita 12 ne a tsawo, 8 a faɗi, watau mita murabba'i 96. Kirat ɗaya mita 175 ne, faddan kuma kirat 24, saboda haka abin da muke kira lambu rabin kirat ne da ɗan ɗori. Ƙasar ba irin baƙar lakar Jazira ba ce mai tsagewa da rani. Tana da laushi da ɗan yashi-yashi, don ƙauyenmu ba shi da nisa da Bahar. Ruwa a kan jaki ake kawo shi a juye a ganga a bakin ƙofar baya. Don haka sai muka yi abin da hankali ya ba mu: abin da ya fi daraja muka sa shi kusa da ganga, kusa da ido, sauran kuma, su albasa da jirjir da 'yar masara, muka tura su can ƙarshen danga. Da daminar 2023 muka shuka kuɓewa a gefen ganga, ta yi kamar ba za ta ƙare ba, uwargida ta yanka ta shanya har weka ta cika tulu. A watan Oktoba muka cire ta muka dasa tumatur a gurbinta. Jama'a, wannan tumatur ya sa mun yi girman kai. Mun ci, mun yi kyauta, mun yi kauɗa, har maƙwabta suna zuwa tambayarmu sirrin noma, mu kuma muna ba su amsa da murya irin ta aji. Da ya ƙare muka sa gauta da yalo a wurin, da daminar 2024 muka mayar da kuɓewa da lalo, a Oktoba kuma muka sake dasa tumatur. Mun ce wurin da ya yi albarka bara me zai hana shi bana?

Sati uku da dashe muka ga abin ba daidai ba. Tsiron ya ƙi tashi, ganyen ƙasa ya soma yin rawaya, da rana ta take sai ya langaɓe kamar bai sha ruwa ba alhali ƙasar jiƙe take, da la'asar kuma ya ɗan miƙe ya yaudare mu. Muka ƙara ruwa, yara suka riƙa zuwa Bahar sau uku maimakon biyu. Bai canza ba. Muka ce yunwa ce, muka sayar da ɗan bunsuru muka sayi yuriya da tsada irin ta lokacin, haɗe da wani maganin feshi a kwalba marar takarda daga hannun wani mai tebur da ya rantse mana har da Alƙur'ani a baki. Muka zuba, muka fesa, shiru. Muka zagi iri. Uwargida ta ce baki ne, tun da bara mun cika nuna wa mutane. Wanda ya yi fure sai furen ya zube, wanda ya ɗaure 'ya'ya kuma ba su wuce goruba ƙarama ba. A gidan da ake jiran wannan tumatur ya zama kuɗin sukari da sabulu da maganin zazzaɓi, wannan ba abin dariya ba ne.

A cikin waɗanda yaƙi ya kawo mana akwai kawunmu, wan mahaifiyarmu, dattijo mai kusan tamanin. Ya yi shekara fiye da arba'in a wani kambo wajen Hasahisa, yana tsinkar auduga, yana noman raba-daidai a hawashar wasu, bai taɓa mallakar faddan ɗaya da sunansa ba. Kullum yana zaune a gindin darbejiya yana kallonmu muna kai da komo, bai ce uffan ba, don shi baƙo ne, kuma a ganinsa wanda ya yi karatu ba a yi masa gyara a gaban iyalinsa. Ran nan da yara suka tafi ɗiban ruwa sai ya kira mu.

"Ustaz, zo ka tuge mini ɗaya."

Muka ce, "Kawu, ai da sauran rai a jikinsa."

Ya ce, "Tuge dai, ɗana."

Muka tuge, ya karɓa ya kaɗe ƙasar a gefen tabarma. Saiwar da ya kamata ta zama fara, siririya, mai gashi-gashi, sai ga ta ta kumbura ƙulli-ƙulli kamar carbi, wani wurin ma kamar yatsan mai ciwon sanyi, ta soma ruɓewa. Ya tambaye mu me muka shuka a nan kafin wannan. Muka faɗa. Kafin shi fa? Muka faɗa. Yana lanƙwasa yatsu har ya cika hannu ɗaya: kuɓewa, tumatur, gauta, kuɓewa, tumatur. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, a hawasha auduga ba ta gadon auduga. Ko mai hawashar ya so, mufattishi ba ya bari. Kai kuwa ka sa tumatur ya gaji tumatur, ka kuma ciyar masa da ciwon a tsakani. Abin da ke cin wannan shi ke cin kuɓewa, shi ke cin gauta. Shekara ɗaya da rabi ba ka bar shi ya kwana da yunwa ba ko dare ɗaya."

Kunya ta kama mu, domin abin da ya nuna mana yana nan a littafin da muka karanta a kwalejin horon malamai, mun ma rubuta shi a jarrabawa. Wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana zaune a ƙasa, tana shiga saiwa ta kafa baki, saiwar ta kumbura a wurin, hanyar ruwa da abinci ta toshe. Shi ya sa tsiro yake jin ƙishirwa a cikin ruwa, shi ya sa yuriyarmu ta tafi a banza. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi irin tamu, cikin sati uku zuwa huɗu 'ya'yan sun girma su ma suna zubawa. Ku yi lissafin da kanku, wata goma sha takwas ba yankewa. Ta fi son ƙasa mai laushi da yashi a kan laka mai nauyi, don haka mu na kusa da Bahar mun fi na tsakiyar Jazira zama cikin hatsarinta. Maganin feshi a ganye kuwa bai ma san tana nan ba.

Daren nan kawu ya buɗe mana tarihin da muke ji sama-sama. Mu jikokin waɗanda suka taso bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ne, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garin Mai Wurno wajen 1906, da waɗanda suka biyo bayansu a hanyar Makka suka tsaya neman guzuri, guzurin ya zama zama. Da guminsu aka gina madatsar Sinnar wadda aka gama a 1925, da hannunsu kuma aka tsinke audugar Jazira shekara da shekaru. To, a farkon aikin, hawasha faddan 30 ce an kasa uku: goma auduga, goma dawa da lubiya, goma hutu, ana juyawa. Watau auduga tana komawa gurbinta bayan shekara uku. Shekarun farko faddan ya ba da fiye da kantar 4. Sai ciwo biyu suka faɗo: baƙin kara, wanda ƙwayarsa ke kwana a busassun ganye da karan bara, da karmasha, watau nannaɗewar ganye, wadda farin ƙuda ke ɗaukowa daga kututturen audugar da ya sake tohowa ya kai wa sabuwa. A kakar 1930 zuwa 1931 faddan bai kai kantar 2 ba, ga kuma faɗuwar farashi a duniya. Aikin ya kusa rushewa, masu hawasha da dama suka gudu suka bar ta, a lokacin ne ma wasu daga cikin mutanenmu suka sami shiga.

Abin da ya ceci Jazira ba magani ne a kwalba ba. Masu bincike a gonar gwaji ta Madani sun gano inda ciwon yake kwana, sai aka hana shi makwanci. Daga wajen 1933 aka mayar da hawasha faddan 40, auduga ba ta komawa gurbinta sai bayan shekara huɗu, kusan rabin ƙasa yana hutu kowace shekara. Aka wajabta tuge karan auduga da saiwarsa da kammasha, a share, a tara, a ƙone kafin ƙarshen Mayu. Kawu ya ce har yau bayansa yana tuna kammasha. Aka kuma sa lokacin da ba a yarda a ga kuɓewa a tsaye ba a yankin auduga, don ita ma masaukin ciwon ce. A 1975 aka matse hutun, juyin ya zama auduga, alkama, gyaɗa da dawa, sa'an nan hutu. A farkon shekarun 1990 aka ƙara kaso na biyar don ciyawar dabbobi. Dokar 2005 kuma ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya ga dama. Ba mu ce wancan zamani aljanna ba ne. Mutanen kambo su suka fi kowa sanin ɗacinsa, su da suka yi aikin ba su da gona, ba su da takardar gida. Amma hikimar juya shuka ba ta Bature ba ce, ba ta mufattishi ba ce, ta ƙasa ce. Idan ta yi aiki a faddan fiye da miliyan 2, muka ce bari mu gwada ta a rabin kirat.

Abu na farko da ya wajaba mai farawa ya sani shi ne tsirrai ma dangi-dangi ne, kuma ciwo gidan dangi yake bi. Tumatur da barkono da attaruhu da tattasai da gauta da yalo da dankalin Turawa duk ɗaki ɗaya ne, har da taba. Wanda ya cire tumatur ya sa barkono ya ce ya sauya shuka, bai yi kome ba, wa ya tashi ƙane ya zauna. Ɗaki na biyu shi ne ya fi ba mu mamaki: kuɓewa da rama da yakuwa, wadda ake sayar da furenta da sunan karkade, da lalo, watau mulukiya, duk dangin auduga ne. Ku dubi furen kuɓewa ku dubi na auduga, za ku ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Nan ne muka gane dalilin dokar hana kuɓewa da kawu ya faɗa. Sai masu yaɗo, su kabewa da kankana da gurji da duma, ɗakinsu daban. Albasa da tafarnuwa nasu daban. Wake da gyaɗa da lubiya da barsim nasu daban. Dawa da gero da masara da alkama da abu saba'in kuwa 'yan gidan ciyawa ne.

Matsalar ita ce wannan tsutsa ba ɗaki ɗaya take ci ba. Tana cin dangin tumatur, tana cin dangin kuɓewa, tana cin masu yaɗo, har karas ba ta bari ba. A taƙaice duk abin da tukunyar Bahaushe ke so ita ma tana so. Waɗanda ba ta samun abin kirki a jikinsu su ne 'yan gidan ciyawa, musamman dawa da gero. Albasa da tafarnuwa ma ba ta cika yi musu ɓarna irin ta tumatur ba, gyaɗa kuma galibi tana tsira. Nan ma mun kusa sake yin kuskure. Mun tashi za mu cika wurin da wake, tun da kowane ɗan aji biyar ya san wake yana gyara ƙasa. Gaskiya ne yana gyarawa: ƙananan ƙwayoyin da ke maƙale a saiwarsa suna kamo daga iska irin sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Amma wake da lubiya su ma abincin tsutsar ne. Wake maganin yunwar ƙasa ne, ba maganin ciwonta ba. Kada kuma wani ya tuge wake ko gyaɗa ya ga ƙwayoyi ya firgita. Na alheri a gefen saiwa suke maƙale, da ka murza da yatsa sun faɗo, in ka fasa cikinsu ja-ja ne. Na ciwo kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya murzuwa. Mun sa yaran gida sun gwada duka biyun da hannunsu, ba su ƙara mantawa ba, abin da allo bai taɓa yi mana ba.

Sai muka ja igiya muka kasa lambun komi huɗu, kowanne mita 3 a 8, da 'yar kunya a tsakani don kada ruwan wannan ya gangara wa wancan. Biyu na gefen ganga su ne marasa lafiya. Muka tuge duk abin da ke cikinsu da saiwarsa muka ƙone, ba mu zuba a juji ba, ba mu ba akuya ba. Da bazara muka kafce su da zurfi muka bar su a bushe, bayan kowane sati biyu a sake juyawa, rana ta Afrilu da Mayu ta yi aikinta. A nan dai Allah bai rage mu da zafi ba. Masu hali suna jiƙa ƙasar su rufe ta da farar leda mai nuna ciki sati huɗu zuwa shida, zafin ya dafa abin da ke ciki. Mu ba mu da ledar. Da daminar 2025 muka shuka musu dawa da abu saba'in, muka zuba ruɓaɓɓen takin awaki. Uwargida ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ce, "Malam, wurin da ya fi kusa da ruwa za ka ba ciyawa, mu kuma mu riƙa jan jarka har ƙarshen danga?" Tana da gaskiya, don ita da yara ke jan jarkar. Abin da ya sasanta mu shi ne akuya ta sami abinci a gida, madara ta ƙaru, kuma mun yi alkawarin ɗaukar jarkar asuba da kanmu.

Tsarin da muka tsaya a kansa, wanda kowane komi zai bi bayan ɗan'uwansa, shekara huɗu ne, muna ƙirga shekara daga Oktoba. Komin da ya ɗauki tumatur da barkono da gauta da sanyi, da bazara sai ya sha rana, da damina ya ɗauki dawa ko masara. Sanyi na biye albasa da tafarnuwa, damina gyaɗa. Na uku jirjir da fijil da sauran ganyen da ba ya daɗewa, da damina kuma kuɓewa da lalo da yakuwa. Shekara ta huɗu ta ciyawa ce da taki da hutu, daga nan tumatur ya dawo. Albasa ma, ku lura, ba a bar ta ta gaji kanta ba, don tana da nata ciwon ƙasa mai mayar da saiwa ja ta bushe. Ba mu ce kowa ya kwafi wannan kamar darasi ba. Wanda lambunsa bai kai namu ba ya kasa uku. Wanda bai da akuya ya sa gero ko masara ya ci da bakinsa. Abin da ba a taɓawa shi ne kada dangi ya bi dangi, kuma tsakanin mai ciwo da mai ciwo a sa abin da zai bar tsutsar da yunwa. Sa'an nan a rubuta. Mun ɗauki tsohon littafin kiran suna mun zana komayen huɗu a bangon baya, kowane dashe da kwanan watansa, don bayan shekara biyu ba wanda zai tuna abin da ya shuka a ina, sai gardama.

Akwai ƙananan abubuwa da ke rushe wannan wahala duka. Irin dashe da aka rena a ƙasa mai ciwo yana tahowa da ciwon a saiwarsa. Mu yanzu a tsohon kwano muke reno, da ƙasar da muka ɗebo daga inda ba a taɓa lambu ba, in kuma saye za mu yi sai mun duba saiwa a gaban mai sayarwa ko zai ji haushi. Fartanyar da ta yi aiki a komi marar lafiya a kankare ta a bar ta a rana kafin ta shiga mai lafiya. Ciyayin da ke fitowa da kansu kada a raina su, da yawansu suna riƙe wa tsutsar rai a lokacin da muke zaton muna horar da ita.

Kada kuma mu yi muku alkawarin abin da juya shuka ba ya iyawa. Tsutsa a ƙasa take, tafiyarta a shekara ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa komi mai mita uku yake isa ya raba ta da abincinta. Amma farin ƙuda fiffike gare shi, danga ba ta tare shi, shi ne kuma mai kawo wa tumatur tasa karmashar. Haka ƙaramin malam-buɗe-littafin nan da tsutsarsa ke huda ganye da 'ya'yan tumatur, wanda ya shigo Sudan a 2010, ya kuma yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Waɗannan ko ka juya komi sau goma za su same ka daga gidan maƙwabci. Feshi ba ji ba gani ma ba mafita ba ne. Tsofaffin Jazira sun ga yadda a ƙarshen shekarun 1970, bayan an yi ta feshi da jirgin sama, farin ƙuda ya ƙaru maimakon ya ragu, asala ta ɓata auduga har darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Abin da ya sa dokar Jazira ta ci nasara a da shi ne namba guda, faddan 90, shuka ɗaya take ɗauka, kuma ranar tuge kara ɗaya ce ga kowa. Mu ba mu da mufattishi, ba ma kuma nemansa. Amma muna da masallaci da dandali. Gida shida na layinmu mun zauna bayan sallar isha'i mun yarda cewa in Afrilu ya ƙare ba mai barin tsohon tumatur ko gauta a tsaye don kwaɗayin 'ya'ya biyu uku. Gida biyar sun cika. Na shidan dattijuwa ce mai gauta guda huɗu da take ji da su kamar jikoki, ba wanda ya iya buɗe baki ya yi mata magana, mu ma ba mu iya ba.

Wani abokin aikinmu ya ce mana duk wannan wahalar ta me, ai kakanninmu a ƙasar Hausa gona ɗaya suke nomawa shekara da shekaru ba hutu. Haka ne, a karkarar Kano an yi haka, amma gero da dawa da wake da gyaɗa ne a cakuɗe a kunya ɗaya, ga takin birni da jakuna ke fitarwa, ga shanun Fulani da ke kwana a gona bayan girbi, ga kuma rani wata bakwai da ƙasa ke bushewa ƙayau, kome ya mutu. Masu noman gaɓar Bahar su kuma ambaliya ce ke yi musu juyi, ta nutsar da ƙasar wata da watanni ta bar musu sabon taɓo, ko da yake tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020 taɓon ba zai ƙara zuwa kamar da ba. Lambun bayan gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Muna ba shi ruwa rani da damina, ba ya bushewa, ba ya nutsewa, ba kuma inda za mu matsa in ya lalace. Mu da maganar ƙasa ta jawo mana abin da ta jawo a 2022, mun san ba a ba mu wani fili a gaba ba.

A Oktoba 2025 muka dasa tumatur a komi na uku, can nesa da ganga, inda masara ta tashi. Bai kai na shekarar farko ba, karmasha ta taɓa layin da ke gefen danga, amma ya tsaya da ƙafarsa da tsakar rana, kuma ya biya kuɗin bunsurun da muka yi asara. Komayen gefen ganga muka ba su albasa, ta yi daidai gwargwado. Muka shuka kuɓewa guda biyar a kusurwar komi na ɗaya don gwaji kawai, bayan wata ɗaya muka tuge muka kai wa kawu a gindin darbejiya. Ya sa tabarau ya juya saiwar, ƙullin ya ragu ƙwarai amma yana nan. Ya ce, "Da saura, ɗana. Kada ka yi gaggawa." Don haka kuɓewar daminar 2026 a buhuna muka rubuta mata, da sabuwar ƙasa, a jere a gindin katanga. Komi na huɗu zai karɓi tumatur a Oktoba 2026, na biyu a 2027 in saiwar gwaji ta fito fara, na ɗaya kuwa, wanda ya fi jin jiki, sai 2028 in Allah ya kai mu. Kawu yana maganar komawa kambonsu tun da aka buɗe hanyar Madani a Janairu 2025, mu kuma muna ta ja masa rai, mun ce ya bari a cire albasa tukuna.